Madam da 'Yar Tebur a Aljihun Kawu

Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya bayan ɗaukewar damina, a gidansa na Iku, nan Suleja, inda nake zaune tare da shi. Jinya ce ta ci shi a hankali, har muka saba da ita muka daina jin tsoronta.

Ni ba marubuci ba ne. Fenti nake yi a gine-ginen Abuja, karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne unguwarmu ta koma ta 'yan haya. Wanda ya san ka bana, baɗi ya kwashe kayansa ya koma Maje ko Gauraka. Ina tsoron ranar da za a ambaci Kawu a ƙofar gidansa a ce, "Wane ne haka?"

Zaman makoki ya cika. An shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya, aka jera kujerun roba saboda masu ciwon gwiwa. Liman ya ce shi dai bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa Kawu a sahun gaba ba. Tsofaffin direbobi, abokan aikinsa na da, suka zo a mota ɗaya, suna dafa juna wajen sauka. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Mun yi hanyar Kaduna tare har muka tsufa. Mutumin nan birki yake takawa saboda ƙadangare, oga yana baya yana zagi." Aka ɗan yi dariya, aka shafa addu'a.

Sai ga Mama Nas ta fito daga wajen mata. Maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Kirista ce daga wajen Filato, ta yi aikin asibiti har ta yi ritaya, shi ya sa babu mai kiranta da wani suna sai wannan. Idanunta sun kumbura. Ta tsaya a gabana ta ce, "Ɗana, yanzu wa zai yanka mana?"

Wasu suka ɓata fuska. Na ji wani a bayana yana cewa, "Ana maganar mutuwa, ita tana maganar nama."

Shi bai daɗe a unguwar ba, bai san abin da take nufi ba. Tun zuwan Mama Nas Iku, duk Kirsimeti da Ista da sunan jika, Kawu take kira ya yanka mata dabba. Ba don babu maza a gidanta ba. Ta san da yawa cikinmu ba za su ci naman da ba Musulmi ya yanka ba, ita kuma ba ta iya dafa abinci ta ci maƙwabta suna jin ƙamshi. Malamai sun yi saɓani a kan wannan, Kawu ya sani, amma da wuya ya tsaya gardama. Wuƙarsa kawai yake ɗauka ya zagaya. Daga gidanta abin ya bazu, har ya zama duk Kiristan da ya kama haya a layinmu, kafin ya san inda ake ɗibar ruwa ya san ƙofar Kawu. Idan babu mai yanka, kwanon abincinsu ba zai ƙara tsallako katanga ba. Abin da take tambaya ke nan.

Na ce, "Ni zan yi, Mama."

Na faɗa ne yadda na saba faɗar abubuwa, don a wuce wurin. Ko tantabara ban taɓa yankawa ba. Halina ke nan, kuma ba zan ɓoye ba: bakina yana da sauri, ƙafata tana da nauyi. Kirsimeti kuwa ta kusa.

Kawu ba mahauci ba ne, bai kuma gaji fawa ba. Direba ne. Amma tun ina ganinsa ban taɓa ganin aljihun rigarsa babu wuƙa mai naɗewa ba. Yana cewa ba ka san inda za a kira ka ba. Akuya za ta ci leda ta kwanta, kaza za ta faɗa kwata, kafin a je gida a ɗauko wuƙar girki rai ya fita, dabba ta zama mushe, mai ita ya yi asara.

Shekara da shekaru wuƙar da yake riƙewa ita ce mai arha, irin wadda ake zubawa a tebur a kasuwa tare da tocila da kwaɗo da abin yankan farce. Shi ya sa mata suna 'yar tebur. Ranar da zai sayi sabuwa, mai tebur ya shiga uku. Sai ya buɗe wannan ya kaɗa ta kusa da kunne, ya ji ko ruwan wuƙar yana lilo a jikin ƙusa. Ya danna bayanta a gefen tebur, ya ga ko za ta rufe. Ya ajiye, ya ɗauki wata.

Wata rana mai tebur ya gaji ya ce, "Haba Baba, duk kwali ɗaya suka fito."

Kawu ya ce, "Ni da ƙanena ma ciki ɗaya muka fito. Je ka tambaya wa ake ba ajiya."

Ya san aibinta sarai. Idan ta kwana da jini ko ruwan lemo, da safe ta yi tsatsa. Kaza kaɗan za ta yanka ta dakushe, don ƙarfenta mai laushi ne. Amma saboda laushin nan, da ya zauna bakin rijiya ya goga ta a dutsensa, kafin shayi ya huce ta dawo tana aske gashin hannu. Kullum da safe sai ya wasa ta, ya shafa mata man gyaɗa. Yana cewa kamar tsohuwar mota take: in kana duba ta kullum za ta kai ka Kano, in ka manta da ita ko Zuba ba za ta kai ka ba.

Kuma yana da ƙa'ida. Ba ya wasa wuƙa a gaban dabba. Ba ya yanka wata, wata tana kallo. Sai ya ba ta ruwa tukuna. Na taɓa ganinsa ya tare wani ɗan acaɓa da ya rataye kaji kai a ƙasa kusa da salansar babur mai zafi, bai bar shi ya wuce ba sai da aka kwance su aka sa a kwali. Babbar ƙa'idarsa kuwa, wadda ya samo a karatun da ya yi wajen malaminsa, ita ce idan ka ɗora wuƙa a wuya ba ka ɗage hannu sai ka gama. In ka ɗage, ka tsaya, sannan ka koma, a wurinsa naman bai halatta ba.

A nan 'yar tebur ta ci amanarsa. Na goya shi a babur muka je Gauraka wajen wani makanike. Muna tsaye sai mota ta bugi akuyar wata mai sayar da abinci a bakin titi. Matar ta fito da ludayi a hannu tana ihu, "Wa ke da wuƙa? Jama'a, wa ke da wuƙa?" Kawu ya ruga, tsoho da shi. Na danne ƙafafun, ya yi bisimilla, ya ɗora. Akuyar ta fizge da ƙarfi, wuƙar ta naɗe ta kama masa yatsa. Ya cire hannu, don ba yadda zai yi. Kafin ya zare ta daga naman yatsansa ya sake buɗewa, akuyar ta daina motsi.

Matar ta ce, "Baba, ƙarasa kawai. Ai ka riga ka fara."

Ya ce, "Ba ta halatta ba, 'yata."

"Ba wanda ya lura fa."

"Ni na lura."

Ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka. Shi kuma yana tsaye, jini yana ɗiga a kan takalminsa. Na goya shi muka dawo gida. Mama Nas ce ta ɗinke yatsan, tana ɗinki tana masa faɗa. Tun daga ranar, in zai yanka babbar dabba da 'yar tebur, sai ya naɗe gaɓarta da tsinken robar taya, ya ɗaure tam don kada ta rufe. Amma wannan sai kana da lokaci. A bakin titi babu lokacin ɗaure roba.

Wannan yatsa shi ya kawo Madam gidanmu. Babban ɗan Kawu, taubashina, yana aikin ofis a Abuja. Aka tura shi kwas ƙasar waje, ya dawo da wuƙa a cikin ɗan akwati mai soso. Mariƙinta baƙi ne mai kaushi, ko ya jiƙe ba ya santsi. Da babban yatsa ɗaya ake buɗe ta, ta ce ƙas, ta kulle. Daga nan ko ka taka bayanta ba za ta rufe ba sai ka danna makullinta. Ya ƙi faɗin kuɗinta, don Inna, matar Kawu, ta gargaɗe shi cewa in tsohon ya ji zai ce a mayar.

Kawu ya juya ta, ya mayar cikin akwatin. Ya ce, "Wannan ai Madam ce. Ina ni ina Madam? Sai dai a saya mata kujera."

Taubashina ya ce, "Baba, yatsanka na gani na sayo."

"Yatsana ya yi maka ƙara?"

"Ni dai duk abin da na kawo gidan nan sai an kushe."

"To kai mata ofis, ta riƙa buɗe maka ambulan."

Taubashina ya tashi ya shiga motarsa ko abinci bai ci ba. Wannan ma halin Kawu ne, ba zan rufe ba don ya mutu. Harshensa ya fi wuƙarsa kaifi, kuma godiya tana yi masa wuya, musamman ga 'ya'yansa. Yana da riƙo. Akwai wani amininsa da ya taɓa ce masa bai dace ya riƙa yanka wa Kirista dabbar bikinsu ba. Kawu ya ce, "Ni kaza na yanka, ban shiga coci ba." Magana ta yi tsawo, suka daina gaisawa, suna sallah a sahu ɗaya kowa yana kallon gabansa. Sai da mutumin ya kwanta ciwo Kawu ya je, kuma ko a nan babu wanda ya janye maganarsa.

Madam ta daɗe a ƙarƙashin katifa. Inna ce ta fito da ita ana gobe Kirsimeti, ta sa masa a aljihu. Ranar ya zagaya layin nan kaf, daga akuyar Mama Nas zuwa kajin malaman makaranta da talotalon wani ma'aikacin lantarki. Ya dawo da la'asar ya zauna, ya gwada kaifin a hannunsa. Gashi ya zube. Ko sau ɗaya bai kai ta dutse ba. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Inna, "Kira min yaron nan."

Da aka ba shi wayar bai ce na gode ba. Cewa ya yi, "Madam ɗinka ta iya aiki." Taubashina ya ce min wannan ne babban yabon da ya taɓa samu a wurin ubansa.

Ba ta tsatsa, ko ta kwana a jiƙe. Ba ta lilo. Hannu ɗaya yana riƙe da dabba, ɗayan ya buɗe ta. Kawu da kansa ya ce da ita ce a aljihunsa ranar Gauraka, da matar nan ba ta yi asara ba. Sai dai duk wuƙa tana dakushewa, ita ma ranarta ta zo. Ya zauna bakin rijiya tun hantsi yana goga ta a dutsen da ya saba. Dutsen yana cinyewa, ita ko a jikinta. Har azahar. Ya kira taubashina, shi kuma ya ce ai irin wannan ƙarfen yana da nasa dutsen na musamman, sai an yi oda.

Kawu ya ce, "Na faɗa. Madam ba ta cin tuwon gida."

Dutsen ya zo daga baya, ya koyi amfani da shi, amma kafin ya zo sai da ya koma wa 'yar tebur. Daga lokacin ya raba musu aiki. Madam a aljihun dama, ita ce ta akuya da rago da kiran gaggawa, kuma ba a aronta. 'Yar tebur a hagu, ita ce ta kaza da rake da ɓare lemo, ita ake ara a manta ba a dawo da ita ba, ya yi ta mita har ya sayi wata. Idan aka tambaye shi wacce ta fi, sai ya ce, "Wa zai riƙe? In mai kula ne, ba shi ta tebur, zai ci moriyarta. In mai mantuwa ne, ba shi Madam, za ta daɗe tana rufa masa asiri. Amma ranar da ta gaji da shi, ba shi da yadda zai yi da ita."

Ni Madam nake so, kuma ba don aiki ba. Ƙarar buɗewarta nake so. Nakan faki idonsa in ɗauka in je majalisa, in riƙa buɗewa ina rufewa abokai suna cewa a ba su su gani. Ya kama ni sau ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya karɓa ya ce, "Kai wuƙa kake so ko 'yan kallo?"

Da hawan jini ya taɓa shi, hannunsa na dama ya fara rawa. Abin da na fara lura da shi shi ne yana iya buɗe Madam amma ba ya iya rufe ta, don makullinta yana da tauri, yatsansa kuma ba ƙarfi. Sai ya miƙa wa Inna ya kau da kai, ita ta rufe masa. Kirsimetin bara akuyar Mama Nas kaɗai ya iya yankawa, sauran ya ba su haƙuri suka kai kasuwa. Da ya gama ya zauna a kan turmi yana haki. Ya ce, "Na gama. Hannu mai rawa azaba ne ga dabba." Ya dube ni ya ce, "Ɗan ƙanwata, zo ka koya tun ina gani."

Na ce sai Lahadi. Lahadi ta zo na ce na gaji, kuma gaskiya na gaji. Wanda yake fita tun asuba ya yi layin mota, ya yini a kan tsani yana shaƙar fenti, ya dawo ta cunkoson Zuba, ya san irin gajiyar. Amma gajiyar ba ta hana ni zuwa kallon ƙwallo ba. Ya sake faɗa, na sake cewa Lahadi. Daga baya ya daina faɗa.

Da aka zo rabon kaya, Madam ta koma hannun taubashina da dutsenta, kuma haƙƙinsa ne. 'Yan tebur kuwa suna cikin wani gwangwanin madara a kan taga, babu wanda ya ko tambaya. Inna ta shiga takaba. Mama Nas ta sayo akuya ta ɗaure a bayan katangarmu. Kullum da asuba in zan fita sai na ji kukanta, in ƙara sauri.

Na samo wa kaina hujja. Na ce ni sabon hannu ne, ba zan yanka akuya da wuƙar da ta taɓa cin yatsan gwani ba, sai da Madam. Hujjar tana da kyau, har ni na yarda da ita. Duk lokacin da Mama Nas ta gan ni ta ce, "Ɗana, muna nan dai ko?" sai in ce, "Muna nan, Mama, wuƙa nake jira."

Ana gobe Kirsimeti na tashi daga aiki na biya gidan taubashina. Tsakaninmu akwai wasa, ba ya ganina ya ƙyale.

Ya ce, "A'a, Sarkin Fawa da kansa! Kai da kake gudu in an fasa ƙwai?"

Na ce, "Bawa ba ya yi wa ubangidansa tsiya. Kawo wuƙar tsohonmu."

Ya shiga ya daɗe yana bincike. Daga ƙarshe a kan janareta ya samo ta. Tsininta ya karye, ya ce murfin fenti ya ɓanɓare da ita. Bakinta duk giɓi, an yanka waya da ita, an buɗe kwalaye. Makullin dai yana nan daram, ta ce ƙas kamar da. Na tambayi dutsen, ya ce tun da suka sauya gida bai gan shi ba. Ya daina dariya. Ya ce, "Wallahi ban san ta lalace haka ba." Ba ni da bakin yi masa faɗa. Shi wuƙa ya bari ta lalace, ni kuwa alkawari.

Hujjata ta ƙare, amma ban koma gida ba. Na kwana a wurin aiki, na ce wa kaina mai ginin yana sauri. Na kashe waya. Lissafina shi ne in na kai yamma za su gaji su yanka abinsu, ni kuma in zo in ba da haƙuri, wanda na iya sosai.

Na sauka a mota bayan la'asar ranar Kirsimeti. Tun kafin in kai ƙofarmu na ji kukan akuya.

Gidan Mama Nas cike da baƙi, 'yan uwanta sun zo daga gida. Tana zaune a baranda da zanen zumuntar mata, ba ta ko canza ba tun dawowa daga coci. A faranti na ga ragowar shinkafa da ƙayar kifi. Babban ɗanta, malamin makaranta, ya taso ya tare ni, fuskarsa ba walwala.

Ya ce, "Oga, ka kyauta. Tun safe na ce zan yanka, Mama ta ce in na yanka in cinye ni kaɗai. Mutane sun taso tun daga Filato, kifi muka ba su."

Mama Nas ta ce masa, "Ya isa." Ta dube ni ta ce, "Ka iso, ɗana? Ka ci abinci kuwa?"

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Na shiga gida na sauke gwangwanin. Duk sun yi tsatsa, tun da mai shafa musu mai ya kwanta. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina kaɗawa a kunne, na ɗauki wadda ba ta lilo. Na zauna bakin rijiya. Ban taɓa wasa wuƙa ba, amma ashe ido ya riƙe abin da hannu ya ƙi koya. Tsatsar ta fita, baki ya yi fari. Na gwada a hannuna, ba ta aske ba, na koma. Sai da ta aske. Na yanko roba daga tsohuwar tayar babur na ɗaure gaɓar har yatsuna suka yi ja. Da Madam lafiyarta ƙalau, ita zan ɗauka, ba zan yi ƙarya ba. Amma wadda ta yarda ta gyaru a hannun irina kafin rana ta faɗi, ita ce wannan.

Na ɓoye ta a bayana na zagaya. Na ba akuyar ruwa ta sha. Ɗan Mama Nas da wani baƙo suka kwantar da ita, na nuna musu alƙibla. Na fito da wuƙar, na durƙusa. Na yi bisimilla na ɗora. Ta fizge, na ji wuƙar tana neman naɗewa, robar ta riƙe. Ban ɗaga ba har na gama. Bai yi sauri kamar na Kawu ba. Na san dabbar ta ji abin da bai kamata ta ji ba, kuma wannan a wuyana yake, ba a wuyan wuƙa ba.

Na koma gefe na tsuguna. Mama Nas ta kawo ruwa a buta ta zuba min a hannu da kanta. Ba ta ce na yi ƙoƙari ba. Ta juya ta ce wa matan gidan, "Ku hura wuta, mutane suna jira."

Bayan magariba kwanuka suka fara fita, gida gida, kamar kowace shekara, sai dai a makare. Namu ni na karɓa na kai wa Inna ɗaki. Ta buɗe, tururi ya taso. Ta ce, "Wa ya yanka?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ɗauki tsoka ɗaya ta ce, "Allah Ya ji ƙan mai gidan nan," ta kai baki. Ta ci ta ƙara. Tana cikin ci ta ce, "Matar sabon ɗan hayan can na ƙarshen layi ta aiko. Gobe da safe suna da baƙi, kaji ne da ita. Na ce mata kana nan."

Washegari ina da aiki a Abuja. Na fita tsakar gida na kunna waya, na kira mai ginin na ce masa zan makara. Ya yi ta faɗa. Na bar shi har ya gama.

Allah Ya yi wa Kawu sauƙin da ya riƙa nema wa dabbobi, Ya yafe masa kaifin harshe, ni kuma Ya yafe min jinkiri. Duk wanda ya taɓa cin naman da hannunsa ya yanka, ko ta wane gefen katanga yake, ina roƙo ya sa shi a addu'a.